JAN ƘWARON FARKON DAMANA: MU ƘIDAYA ƘAFAFUNSA



Ran da aka yi ruwan shuka a Gamu, cikin gundumar Gure, a garin na kwana. Da safe na tafi aji. Mutane kaɗan suka zo, don kowa ya nufi gona. Ban ga laifinsu ba. Amma wani dattijo ya zo da kwalin ashana a hannu. Ya buɗe shi bisa tabarma. Sai ga wani ƙwaro ja wur, mai laushi kamar karammiski. Girmansa ya kusa ƙwayar wake.

Ya ce: "Malam, gardama na kawo maka. Ni na ce wannan daga sama yake faɗowa tare da ruwa. Ƙanena ya ce kaska ce, ita ke kashe mana ƴan awaki. Har ya sa yara su bi su tattake. Wa ke da gaskiya?"

Na ce: "Baba, mu duba jikinsa. Shi zai raba gardama."

Kun san wannan ƙwaro. Duk wanda ya tashi a ƙasar rairayi ya san shi. Yana fitowa bayan ruwan farko mai ƙarfi, da hantsi, yana tafiya a hankali bisa jiƙaƙƙen rairayi. Kwana kaɗan sai ya ɓace, sai baɗi. A wannan takarda za mu kira shi ɗan karammiski, saboda laushin jikinsa.

ƘAFA NAWA GARE SHI?

Wannan ita ce tambaya ta farko. Duk ƙwaron da kuka kama, ku fara da ƙidayar ƙafa.

Fara ƙafa 6 gare ta. Ƙuda 6. Tururuwa 6, gara 6, zuma 6. Dukansu suna da ƙahoni biyu sirara a goshi, waɗanda suke lalube da su. Da yawansu suna da fukafukai. Gidansu ɗaya.

Mun kifar da ɗan karammiski da tsinke. Ya naɗe ƙafafunsa, ya yi lamo kamar ya mutu. Haka yake yi in an taɓa shi. Mun jira. Da ya miƙe su, muka ƙidaya tare da babbar murya: 8. Huɗu suna duban gaba, huɗu suna duban baya. Ba ƙaho. Ba fiffike. Abin da ba shi da fiffike kuwa ba daga sama ya zo ba. Dattijo ya yi dariya, ya ce an kayar da shi.

Masu ƙafa 8 gidansu dabam ne. A cikinsa akwai kunama, da gizo-gizo, da kaska. Ku dubi gizo-gizo: jikinsa kashi biyu ne, da siririn ƙugu a tsakani. Ɗan karammiski ba shi da ƙugu. Jikinsa dunƙule yake, kamar jaka guda, da ɗan baki a gaba. Haka jikin kaska yake. Ke nan ƙanen dattijo bai yi nisa da gaskiya ba: su biyu dangi ne. Masana suna kiran wannan babban dangi Akari. Irin da aka riga aka rubuta sunansu sun haura 50,000. Amma dangi ɗaya ba hali ɗaya ba ne. Kare da kura ma sun yi kama.

DAGA BAKI ZUWA BAYA

Ina da gilashin ƙara girma, irin wanda malaman gona suke yawo da shi. Mun miƙa shi hannu zuwa hannu. Ga abin da ake gani, da abin da sai babban madubin asibiti, wato mikroskop, yake nunawa.

Gashi ne ya rufe jikin duka, gajere, a cunkushe. Shi ke ba da laushin. A ƙarƙashin mikroskop kowane gashi yana da ƴan rassa, kamar gashin tsuntsu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Fatar da ke ƙarƙashi taushi gare ta, tana da ƴan lotsa-lotsa a baya.

A gaba akwai baki. Abubuwa iri biyu ne a wurin. A tsakiya akwai ƴan wuƙaƙe biyu masu lanƙwasa. Da su yake huda abin da ya kama, ya tsotse ruwan jikinsa. Ba ya tauna. A gefe da gefe akwai ƴan hannuwa biyu gajeru. Kowane yana da akaifa, da wata ƴar tsoka da ke rataye kusa da ita, kamar babban yatsa. Da su yake riƙe abinci. Kada ku haɗa su cikin ƙidayar ƙafa, in ba haka ba za ku samu 10. Wani ɗalibi ya yi wannan kuskure a aji.

Hanci fa? Ba shi da hanci irin namu. Yana da ƴan ƙofofin numfashi a gindin wuƙaƙen bakinsa. Daga nan iska take bin ƴan bututu zuwa cikin jiki.

Bayan baki kaɗan akwai idanu. Biyu a dama, biyu a hagu, bisa wani ɗan kara gajere. Tsakaninsu akwai wani tsiri mai tauri, da dogayen gashi biyu sirara. Da waɗannan yake jin motsin iska. Ganinsa ba shi da ƙarfi. Shi ya sa in yana tafiya za ku ga yana ɗaga ƙafafu biyu na gaba, yana taɓa ƙasa, kamar makaho da sanda. Kowace ƙafa tana ƙarewa da akaifa biyu.

Jan launinsa gargaɗi ne. Jikinsa ba daɗin ci, kuma yawancin masu cin ƙwari suna ƙyale shi. Ba ya harbi. Ba ya cizon mutum, ba ya hawa jikin dabba. Yara suna iya ɗaukarsa a tafin hannu, amma kada su sa a baki.

Irin da aka fi sani a ƙasashenmu na Sahel, sunansa a littafi Dinothrombium tinctorium. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Linne, shi ya fara rubuta shi a shekara ta 1767. Kalma ta biyu ma'anarta "na rini". Babba yana kai santimeta 1, har ya ɗan wuce. Yana cikin ƙattin danginsa, in aka cire kaskar da ta ƙoshi da jini.

INA YAKE SHIGA DA RANI?

Ƙarƙashin ƙafafunku. Yana haƙa ɗan rami cikin rairayi, ya kwanta watanni da yawa. In ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, sai ya fito. Ku lura da abin da ke fitowa a daidai wannan lokaci: shinge, wato gara mai fiffike. In ta faɗo ƙasa ta zubar da fukafukai tana neman wurin kafa sabon gida, shi kuma yana nan yana jira. Gara ce babban abincinsa. Cikin kwanakin nan kaɗan yake cin abin da zai riƙe shi, ya yi aure, ya koma. Wani masani ɗan Ingila, Cloudsley-Thompson, wanda ya koyar a jami'ar Hartum ta Sudan, ya bi halinsa, ya buga abin da ya gani a 1962. Ƙasarsu rairayi ce da gajeriyar damana, kamar tamu.

Macen tana zuba ƙwai dubbai cikin ƙasa. To ga abin mamaki: ɗan da ya ƙyanƙyashe ƙafa 6 gare shi, ba 8 ba. Ƙanƙane ne, bai kai rabin milimeta ba. Ba ya cin gara. Fara yake nema. Ya hau jikinta, ya kafa baki a gindin fiffike ko a mahaɗar ƙafa, ya yi ta tsotso har ya kumbura. Mata masu gyaran fara don suya sun san wannan. Suna ganin ƴan jajayen ɗigo manne a ƙarƙashin fukafukai. Ɗiyan ɗan karammiski ne, ko na danginsa na kusa. In ya ƙoshi sai ya saki, ya faɗi ƙasa, ya shige. A can yake saɓa, ya fito da ƙafa 8. Wasu daga cikin danginsa, in sun girma, ƙwan fara suke bi su sha a cikin ƙasa.

Ke nan da yarinta yana shan fara, da girma yana cin gara. Duka biyu kun san ɓarnarsu a gona da rumbu. Ba zan yi muku ƙarin gishiri ba: ba shi zai tsayar da farar ɗango ba. A 1988 da 2004, da fara ta rufe gonaki, ba ƙwaron da ya iya tare ta. Amma a shekarar da ba annoba, yana rage wani abu, kuma ba ya karɓar ko dala. Tattake shi asara ce.

Haka nan maganin feshi. Mai ƙarfi ba ya zaɓe: yana kashe fara, yana kashe masu cin fara. A 1996 da 1997 an yi gwaji a gabashin Nijar, a filaye masu hekta 50 da masu hekta 800. An gwada maganin fenitrothion da wani magani na fumfuna mai kama fara. Na farko ya kashe da sauri, amma fara ta sake dawowa. Na biyu ya yi jinkiri, amma aikinsa ya fi daɗewa, kuma bai ɓarnata sauran ƙwari kamar na farko ba. In za a yi feshi, ku nemi malamin gona tukuna. Kada ku zuba ragowar magani a ƙasa don kun ga jan ƙwaro.

BA KOWANE JA BA NE

Akwai jajaye masu ɓarna. Dole ku iya raba su.

Akwai wani jan ƙwaro mai baƙin zane a baya. Yana taruwa bisa zangarniyar hatsi lokacin da tsaba take da nono, da kan kuɓewa da auduga. Ku ƙidaya: ƙafa 6, dogayen ƙahoni, ga fiffike, jiki sumul ba gashi. Wannan maƙiyi ne.

Masu lambu a kwari sun san jan gizo-gizon tumatir. Shi ma Akari ne, mai ƙafa 8. Amma bai kai rabin milimeta ba, kamar garin barkono yake. A bayan ganye yake zama, yana saƙa, ganye ya yi fari-fari ya bushe. Da rani yake ƙarfi. Ɗan karammiski ba ya hawa ganye don ci, ba ya saƙa.

Kaska kuwa, jikinta a baje yake kafin ta sha jini. Fatarta tauri gare ta, ba ta da laushin gashi. Bakinta yana da ƙayoyi masu duban baya, shi ya sa take wuyar cirewa. Irin da ke damun raƙuma da shanu tana da zobe-zobe a ƙafa. Wanda ya riƙe su biyu a hannu sau ɗaya ba zai ƙara rikita su ba.

ƘANANAN DA BA A GANI

Ɗan karammiski shi ne wanda ido yake gani. Ƴan'uwansa da ke cikin ƙasa sun fi shi yawa nesa ba kusa ba. Ku ɗebi ƙasa a gindin gawo, inda ganye ya ruɓe, ko a ƙarƙashin tarin taki. Akwai su a ciki. Yawancinsu ba su kai milimeta 1 ba. Launinsu ruwan ƙasa ne ko baƙi. Bayansu yana da ƙoƙo mai tauri da sheƙi, kamar na buzuzu. Masana suna kiransu Oribatida, kuma an rubuta fiye da iri 10,000. Da yawansu ba su da ido. A maimakonsa suna da gashi biyu na musamman a gaba, kowane yana fitowa daga wani ɗan gurbi kamar ƙoƙo.

Aikinsu cin ruɓaɓɓen ganye da fumfuna. Suna niƙa shi, kashinsu ya gauraya da ƙasa. Da haka kara da ganye suke zama abincin shuka. A ƙasar kurmi, fili mai meta 1 tsawo meta 1 faɗi yana iya ɗaukar fiye da 100,000. A tudun da iska ta share, kaɗan ne ƙwarai. Gonar da aka kwashe karanta kaf, aka ƙone saura, ba abin da za su ci. Gonar da aka bar wa kara da taki da itatuwa, a can suke zama.

Har yau ana samun sababbin iri, ɗaruruwa kowace shekara. Ga misali daga maƙwabta. A 2001 wani malami na jami'ar Ile-Ife a Nijeriya, Badejo, tare da Jamusawa biyu, Woas da Beck, sun bayyana wani sabon iri daga ƙasar garin. Suka sa masa suna Mesoplophora ifeana. Kalma ta farko sunan gida ce, ta biyu ma'anarta "na Ife". Ƴan wannan gida suna da wata dabara. In sun ji haɗari sai su janye ƙafafu ciki, su rufe gaban jiki bisa baya, kamar an rufe akwati. Wanda ya gan su zai ce ƙwayar ciyawa ce.

Yaya masani yake sanin cewa sabo ne? Hanyar da muka bi a tabarma ita yake bi, sai dai ya fi mu haƙuri. Yana ajiye ƙwaron cikin alkol don kada ya ruɓe. Yana jiƙa shi cikin wani ruwan magani har jikin ya yi garau, haske ya ratsa shi. Ya ɗora bisa gilashi a ƙarƙashin mikroskop. Ya auna tsawo da faɗi da mikron. Milimeta 1, mikron 1,000 ne. Sannan ya ƙidaya gashi. Nawa ne a baya? Nawa ne a ciki? Nawa ne a kowace gaɓar ƙafa? Kowane gashi da sunansa da mazauninsa. Ya duba kamanninsa: sumul ne, ko mai rassa, ko mai kai kamar kulki? Akaifa 1 ce a ƙafa, ko 2, ko 3? Ya zana komai da hannu. Ya gwada da duk waɗanda aka riga aka rubuta a wannan gida. In bai dace da kowa ba, sabo ne. Sai ya zaɓi guda ɗaya ya ajiye a gidan adana kayan tarihi, ya zama shaida. Ya rubuta inda aka samo shi, da ranar, da irin ƙasar. Sai an buga wannan a mujalla sunan yake tabbata.

Kun tuna gashi mai rassa na ɗan karammiski? Da irinsa ake raba shi da ƴan'uwansa masu kama da shi. Amma a gidansu akwai wata wahala. Ɗa mai ƙafa 6 bai yi kama da uwarsa ba ko kaɗan. An sha ba ɗa suna dabam, uwa suna dabam, ana tsammani iri biyu ne. Sai an kama mace, ta yi ƙwai cikin kwalba, an ga abin da ya ƙyanƙyashe, sannan a gane gida ɗaya ne.

Ni dai abin da na lura, wannan aiki ƙidaya ce da rubutu. Abin da kuke koyo a aji ke nan.

TO ME KE DAMUN ƳAN AWAKI?

Mu koma ga ƙanen dattijo. Na ce a kai ni garke. A cikin kashin ƴan awakin mun ga wasu farare, kamar dafaffiyar shinkafa. Gutsattsarin tsila ne, wato tsutsar ciki mai faɗi. Sunanta a littafi Moniezia. Tana iya yin meta da yawa a cikin hanji.

A nan ƙananan nan masu ƙoƙo suke da hannu. Ƙwan tsila yana fita cikin kashin dabba. Wasu daga cikinsu suna cin ƙwan. Tsutsar ta fara girma a cikinsu, wata ɗaya zuwa huɗu. In akwai laima sai su hau ciyawa. Akuya ko tunkiya ta haɗiye su tare da ciyawar. Bayan kamar mako 6 tsila ta girma, ta fara zubar da ƙwai. Wani masani ɗan Amurka, Stunkard, shi ya gano wannan hanya a 1937. Kafin nan ba wanda ya san ta inda take shiga.

Ƙananan dabbobi ta fi kamawa, waɗanda ba su cika shekara ba. In ta yi yawa suna iya ramewa, su yi zawo. Manya yawanci ba ta damunsu. Ba a feshin makiyaya don wannan: fili ya yi yawa, kuma za a kashe masu gyara ƙasa. Dabbar ake ba magani. Ku kai ƙanana wurin malamin dabbobi cikin damana, ya auna magani daidai da nauyinsu. Ku gaya masa duk abin da kuka gani, don ba tsila kaɗai ke ramar da ɗan akuya ba. Akwai wasu tsutsotsi sirara masu shan jini, ido ba ya ganinsu a kashi, kuma sun fi ta kisa. Ɗan karammiski dai ba ya ɗauke da ita. An tattake shi a banza.

AIKIN AJI

Kuna iya ganin ƙananan da kanku. Dabarar ta wani ɗan Italiya ce, Berlese, tun 1905. Ku yanke kan babbar robar ruwa, ku kifa shi ya zama mazurari. Ku sa guntun rariya ko gidan sauro a ciki. Ku zuba ƙasa mai ganye daga gindin itace, cikin hannu biyu. A ƙarƙashi ku ajiye ƙaramin kofi da ruwa kaɗan da ɗigon sabulu. Ku sa abin a wuri mai haske da ɗumi, ba cikin tsananin rana ba, don kada su mutu kafin su sauka. Ƙasa za ta bushe daga sama. Su kuma suna gudun bushewa, su yi ƙasa, su faɗa kofi. Bayan kwana 3 zuwa 5 ku juye ruwan a farin faranti, ku duba da gilashi.

Ku yi biyu. Ɗaya da ƙasar gindin gawo, ɗaya da ƙasar gonar da aka share. Ku ƙidaya abin da ya faɗo a kowane. Ku rubuta a littafinku: ranar, da wurin, da adadi.

Malamin aji ya tattara ya aiko mana. Ku haɗa da ranar da kuka fara ganin ɗan karammiski bana, da sunan da ake kiransa a garinku, da Hausa ko Barbarci ko Fillanci ko Buzanci. Za mu buga su a fitowa ta gaba, kowane aji da sunan garinsa.